Littafin Tashar Jega

Rediyon Bagudu mai shayi ya ce da asuba
wai Abuja ta ƙara cika,
miliyan kaza ta hau bisa miliyan kaza.
Masana sun auna, sun ja layi mai hawa sama
kamar hayaƙin ɗanyen itace,
sun ce ba su gama gane inda mutanen ke ɓullowa ba.
Na aje kofina, na yi dariya.
Su zo Jega su tambaye ni.

Shekara goma sha tara ina bisa bencin nan,
ƙarƙashin rumfar kwano, da biro ɗaure da zare.
Ni ke rubuta duk wanda zai shiga mota:
suna, gari, lambar wanda za a kira
in hanya ta ci amana.
Littafi na talatin da ɗaya ke hannuna.
Sauran suna cikin buhun taki a ɗakina,
gara ta fara karanta su daga baya.

Ga Lawwali ɗan Tumba a shafi na huɗu,
ya tafi da almakashin yankan farce.
Ga Nafi'u, ya jinginar da fadamar albasa
ya ce babur zai fanshe ta kafin kaka.
Kaka shida ke nan.
Ga Ige da 'ya'ya uku, ta bi miji Mararaba,
na rubuta su mutum biyu
don ƙananan bisa cinya za su zauna.
Ka ji inda lissafin masana ke yoyo:
na cinya ba ya biyan kuɗin mota,
amma can zai sha ruwa, zai nemi ɗaki, zai haihu.

Mota ta tafi da goma sha takwas,
ta dawo da bakwai da katifa ɗaya.
Bokona bai yi nisa ba,
amma na iya ɗebewa.
Da Sallah sukan zo har tasha ta rasa masakar tsinke,
kwana biyar, a ci ado, a ɗauki hoto,
su koma da ƙannensu.

Shekaranjiya a ƙauyenmu, can bayan Kimba,
aka nemi majiya ƙarfi su ɗauki makara,
sai da aka jira 'yan makaranta suka taso.
Gayyar shinkafa da kan tara lauje arba'in,
bana tara ta tara.
Amma gidaje sun yi sabon rufin kwano,
kuɗin can ne, ba na musu.
Ruwa na dukansa da daɗin ji,
tsofaffi biyu na kwance ƙarƙashi suna saurare.

Ban ce birni ɓarawo ne ba.
Kogi bai aika wa rafi takarda,
gangare ke kai shi.

An ce can ma ba a san adadinsu ba.
Wani a shago yake kwana,
wani a kangon da yake gadi.
Mai ƙidaya ya zo da rana, ya tarar da kwaɗo a ƙofa.
Nan an cire su, can ba a sa su ba.
Mutum nawa ke rataye haka
tsakanin littafina da nasu?

Yau da hantsi layi ya kawo wani saurayi,
jaka a kafaɗa.
Na ce, "Suna?" ban ko ɗaga ido ba.
Ya ce, "Baba, ai ka sani."
Direba na ta danna oda.
Ni na raɗa masa sunan nan a kunne
ran da ruwa ya ci gadar garinmu.
Na rubuta: Haliru Barmo, kujera ta sha ɗaya.
Wurin lambar wanda za a kira
na sa tawa,
biro ya ɗan yi gardama a ta ƙarshe.

Gobe in rediyon Bagudu ya sake faɗin adadi,
zan ce a karanta shi a hankali.
Ɗayan nan da ke can ƙurya, hannun dama,
na san shi.
Yana da tabon lauje a yatsan hagu,
kuma bai karya ba ya fita.